Maigida Ya Zama Baƙo a Ƙofarsa

Kwamfuta ba ta san sani ba, balle sabo. Mutum ya saye ta da guminsa, ya shekara uku yana goge mata ƙura, amma ranar da ya manta kalmar sirri sai ta tsare shi a ƙofa kamar maigadin da aka ɗauka jiya. Ya gwada sunan uwargida, ya gwada na amarya, ya haɗa da shekarar haihuwar auta. Ko gezau.

Mai Windows dai da sauƙi. Sunan shiga galibi yana nan a fuskar allo. In asusun Microsoft ne, sai ya ari wayar maƙwabci ya sauya kalmar ta intanet. In na cikin na'urar ne, tun 2018 Windows 10 take ajiye tambayoyin tsaro uku, sai dai wanda ya manta kalma yakan manta amsa ma.

Duk wannan wasan yara ne a gaban Stefan Thomas, Bajamushen masanin manhaja mazaunin Amurka. A 2011 aka biya shi Bitcoin 7,002 ladan wani bidiyo. Ya kulle mabuɗinsu a filas ɗin IronKey, ya rubuta kalmar a takarda, takarda ta yi ɓatan dabo. Filas ɗin gwaji goma kawai yake yarda da shi, daga nan ya rufe har abada. Malam Stefan ya ƙona takwas. Zuwa Janairun 2021 dukiyar ta kai kusan dala miliyan 220, ga ƙoshi ga kwanan yunwa. A 2023 wani kamfani ya ce zai buɗe masa, Malam Stefan ya ce a'a, ya riga ya yi alkawari da wasu.