Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga 'Yan Dubiyar da Suka Tare Kusa da Agogon Kwamfuta

 Da fatan kuna lafiya, ko da yake tambayar lafiya sana'arku ce, ba tawa ba.

Takardar nan taku ce ku duka, ku 'yan tamburan da kuka yi sahu a lungun dama na ƙasan allo, bayan kibiyar da ke ɓoye ku: mai auna zafi, mai juya fanka, mai sauya launin fitilu, mai ƙirga hotunan da wasa ke fitarwa a daƙiƙa, mai ɗaukar bidiyo, da kai yallaɓai dogari mai kama maguɗi, da ba ka cika nuna fuska ba. Kowannenku da sunan alheri ya shigo. Wanda kuwa ya ga zafin Afrilu ya haura digiri 40 a Sakkwato, ga ƙurar hunturu ta toshe fanka, ba za a ga laifinsa ba don ya so sanin halin da katin hotonsa ke ciki.

Ƙorafin ɗaya ne. Wasa na tafiya sumul, sai hoto ya tsaya cak, sauti ya maƙale yana gurnani, a danna Caps Lock fitilarta ta ƙi amsawa. Daga nan sai zargi ya tashi. A zargi katin hoto, a zargi ram, a zargi janareta, a zargi mai shagon da ya haɗa kwamfutar, har a yi masa Allah ya isa a zuci. Ana zaton wuta a maƙera, sai ga ta a masaƙa. Ku kuwa kuna gefe kun naɗe hannu, kuna nuna lambobi masu launin kore.

Kun san yadda dubiya take idan ta yi yawa. Mutum na kwance, goma sun kewaye gado, kowa na cewa sannu, ya jiki, kuma ba mai jiran a amsa wa na gabansa. Wani ya taɓa goshi, wani ya ɗaga hannu, wani ya gyara matashin da wani ya gama gyarawa. Haka kuke. A yadda suke zuwa, HWiNFO yakan tambayi ma'aunai duk bayan daƙiƙa 2, MSI Afterburner duk daƙiƙa 1. Wannan ba aibu ba ne ga wanda yake shi kaɗai. Matsalar ita ce ba wanda yake shi kaɗai a cikinku, kuma da yawanku ta hanya ɗaya kuke bi.

Bari in tuna muku da hanyar, tunda kun maishe ta titin gidanku. Sunanta SMBus. Kamfanonin Intel da Duracell ne suka tsara ta, aka fitar da ƙa'idarta ta farko a 1995, don kwamfuta ta riƙa tambayar batirinta saura nawa. Waya biyu ce kacal, ɗaya ta bugun lokaci, ɗaya ta saƙo, kuma a asalinta ba ta wuce bugu 100,000 a daƙiƙa, alhali ƙwaƙwalwar da ke sama da ita tana yin biliyoyi. Ta wannan 'yar hanya ake karanta ɗan guntun da ke jikin ram, wanda ake kira SPD, mai gaya wa kwamfuta girman ram ɗin da saurinsa. Ta nan ake jin zafin ram. Yanzu kuma ta nan ake aika wa fitilun ram umarnin su koma shuɗi, su koma ja, su yi bakan gizo. Magana ɗaya take ɗauka a lokaci guda, kuma maganar mataki-mataki ce: a rubuta adireshi, a rubuta umarni, a ce tafi, a jira amsa. Idan mai auna zafi ya rubuta adireshi, kafin ya ce tafi mai fitilu ya zo ya shafe ya rubuta nasa, to amsar wani ta faɗa hannun wani. In an yi sa'a, sai dai a ga zafi ya nuna lambar da ba ta yiwuwa. In ba a yi ba, hanyar ta cije, direba ya tsaya jiran amsar da ba za ta zo ba, komai ya tsaya tare da shi. An ma taɓa samun lokacin da saƙon launi ya ɓata abin da ke rubuce cikin SPD, kwamfuta ta wayi gari ba ta gane ram ɗinta. Garin gyaran gira ke nan.

Abin haushin, akwai makulli. Masu rubuta manhajojin aune-aune sun daɗe da yarjejeniya a kan wani makulli a cikin Windows mai suna Access_SMBUS.HTP.Method: mai son hanya ya karɓa, ya gama ya ajiye, na baya ya ɗauka. Sai dai makulli ne na mutunci, ba ya tare kowa sai wanda ya ga damar tsayawa. Mutum ɗaya ya ƙi bin layi a cikinku, ladabin sauran ya tashi a banza.

Ku kuma masu rubutu a saman wasa, taku ta fi sauƙin faɗi. Duk hoton da wasa ya gama zanawa yakan miƙa shi ta wani kira na DirectX mai suna Present, sau 60 ko 144 a daƙiƙa. A bakin wannan kiran kuke tsugunawa, na Steam, na Discord, na NVIDIA, na RivaTuner, kowa sai ya ɗora nasa kafin hoton ya isa allo. Ɗaya ko biyu sukan zauna lafiya. In kun yi yawa kuwa, sai wanda ya riga shiga ya ja, na ƙarshe ya ja. Windows ba ta da dogon haƙuri a nan: in katin hoto ya yi daƙiƙa 2 bai amsa ba, sai ta kashe direbansa ta sake tayar da shi, allo ya yi baƙi ya dawo, ta rubuta lamba 4101 a Event Viewer. Mai kwamfuta ma yana iya yin hakan da kansa da Win, Ctrl, Shift da B. Ita kuwa shahararriyar Kernel-Power 41 da kowa ke ɗaukar hotonta yana yawo da ita, abin da take faɗi kawai shi ne an kashe kwamfuta ba bisa ƙa'ida ba, labarin da mai ita ya riga ya sani tunda yatsansa ne ya danne madannin.

Ranka ya daɗe dogari, na zo kanka. A 2020, da Riot Games ta fito da Valorant, mai gadinta Vanguard ya zo da tsarin tashi tare da Windows tun kafin a buɗe wasa, ya kuma riƙa hana wasu direbobi aiki. Mutane suka tarar manhajojinsu na auna zafi da na juya fanka sun daina motsi. An yi ta surutu, amma gaskiya ɗaya ce, dogari yana da hujja. Don su kai ga ma'aunai, 'yan dubiya sukan shigar da direba cikin ƙuryar Windows, inda ba a tambayar kowa izini, kuma da yawansu direba ɗaya suka ara, WinRing0, wanda Noriyuki Miyazaki na Japan ya rubuta tun 2007. A 2020 aka yi masa rajistar rauni, domin ta cikinsa kowace manhaja, har ta ɓarawo, tana iya kai hannu inda bai kamata ba. A Maris 2025 Microsoft Defender ya shiga kama shi, irin su Fan Control da OpenRGB suka sha fama. Don haka ban ce kada ka yi gadi ba. Roƙona, in ka tare wani a ƙofa ka faɗi sunansa da babbar murya, kada a bar mai gida yana lalube.

Yanzu ga hukunci, kuma ba ɗaukaka ƙara. Za a fitar da ku gaba ɗaya. Na san dabararku, a rufe tagarku ku bar yaranku suna aiki a bayan fage, saboda haka ta msconfig za a bi, a ɓoye ayyukan Microsoft, a kashe sauran, a hana ku tashi da safe ta Task Manager, a sake kunna kwamfuta, a buga wasan nan dai a wurin da ya saba sandarewa. In ta sandare ba ku, kun fita, za a ba ku haƙuri a koma gwada ram da MemTest86, a kashe XMP mai ƙara masa sauri, a duba akwatin wuta da ƙura, a wanke direban hoto da DDU. In kuwa ta yi lafiya lau, za a dawo da rabinku a gwada, a sake raba rabin da ya kawo ciwon. Ko kun kai 16, zagaye 4 ya isa a kama mai laifi, sai dai in laifin na mutum biyu ne da ba sa ga maciji. A nan sai an ƙara haƙuri. Reliability Monitor ma yana nan da kalandarsa, zai faɗi ranar da ciwon ya fara da wanda ya tare a ranar.

Waɗanda suka tsira, ga sharuɗɗan zama. Mai auna zafi ɗaya, kuma ya rage yawan tambaya. In ya yi gargaɗi cewa karanta wani ma'auni na iya jawo tsaiko, kamar yadda HWiNFO ke yi a kan wasu allunan ASUS, za a ji maganarsa a kashe ma'aunin. Mai rubutu a saman wasa ɗaya. Fanka za ta koma hannun BIOS, inda ba ta bukatar ɗayanku. Kai kuma mai fitilu, ka zaɓi launi ɗaya ka tafi hutu. Ba a taɓa jin bakan gizo ya ƙara wa wasa hoto ko ɗaya ba.

Wanda aka sallama ya tattara kayansa duka, har da direban da ya saba mantawa a ƙurya. Kuma don Allah kada ya buɗe mini shafin tambayar dalilin rabuwa, dalilin ke nan na rubuto.

Naku,
Mai kwamfutar.