Kafin Ka Miƙa Kuɗin Haya a Samaru

Duk lokacin da Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe sabuwar shekarar karatu, Samaru kan cika da wasu bayin Allah masu sauƙin ganewa: jaka a baya, fayil a hammata, ido yana bin katangu yana neman inda aka rubuta lambar waya da gawayi. Tun 1962 jami'ar take tara ɗalibai daga ko'ina a Najeriya, kuma ɗakunan kwananta, su Suleiman da Ɗanfodiyo da Amina da Ribadu, sun daɗe da gaza ɗauke kowa. Gurbin gado kan ƙare a intanet tun shafin bai gama buɗewa a wayarka ba. Wanda ya rasa sai ya tsallaka titin Sakkwato ya shiga gari neman haya. To ƙanena, ko ƙanwata, idan kana cikin wannan ayari, zauna mu yi magana kafin ka taɓa kuɗin da Baba ya sayar da buhunan masara ya haɗa maka.

Abu na farko da za ka riƙe shi ne, ƙarfinka duka yana cikin aljihunka, kuma na kwana kaɗan ne. Hayar ɗalibai ta shekara ake biya, gaba ɗaya, tun ba ka kwana a ɗakin ba. Muddin kuɗin suna hannunka, kai ne "Injiniya", kai ne "Dokta", ko da ranar ka fara gane hanyar sashenku. Mai gida zai tambayi lafiyar mutanen gida, kiyateka zai ɗauki wayarka tun ƙara na farko. Da zarar kuɗi sun bar asusunka, sunanka ya koma "yaron nan na ɗaki na shida". Saboda haka duk abin da kake so a gyara, duk abin da kake so a yi maka alkawari, a cikin waɗannan 'yan kwanakin sarauta za ka nema.

Dillali ne zai fara tarbarka, kuma kalmarsa ta farko ita ce "kusa da get". Wannan kalma tana da faɗi ƙwarai. Ta ɗauki Ɗanraka, ta ɗauki Hayin Dogo, ta ɗauki Layin Zomo, idan ka yi sake ta kai ka Bomo ko Palladan. Kada ka yarda a auna maka nisa a kan babur ɗinsa. Sauka ka taka da ƙafarka, da rana tsaka, daga ƙofar gidan har ƙofar ajin da za ka riƙa shiga ƙarfe bakwai ko takwas na safe. Kafin 29 ga Mayun 2023, da litar fetur ba ta kai naira 200 ba, ɗalibi zai iya cewa ai ɗan acaɓa ne kawai. Bayan cire tallafi lita ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, ta zo ta wuce 1,000 a ƙarshen 2024. Yanzu ɗaki mai arha da ke nesa yana karɓar ragowar kuɗinsa kullum safe da yamma, ta hannun mai Keke Napep. Ka kuma tabbatar da inda karatunka yake tukuna. Mai karanta shari'a a Kongo yake, ɗalibin likitanci ƙarshensa asibitin koyarwa na Shika, kuma an sha ganin wanda ya biya shekara a Samaru kafin ya gano cewa ajinsa yana can wani gefen Zariya.

Sai farashi. Idan aka ce maka ɗaki, a misali, naira 200,000, wannan sallama ce kawai, zancen yana gaba. Akwai la'adar dillali, galibi kashi 10 cikin 100. Akwai kuɗin takardar yarjejeniya. Akwai kuɗin ajiya da ake kira koshin, wanda aka ce za a mayar maka ranar tashi idan ba ka ɓata komai ba. Wani dillalin ma sai ka ba shi na mai kafin ya nuna maka ƙofa. Bayan ka shiga kuma ga kuɗin shara, ga na 'yan sintiri, ga na wuta, ga na ruwa. Ka ce masa, "Malam, don Allah a haɗa min duka a faɗa min baki ɗaya, har abin da zan riƙa biya duk wata." Ka rubuta a gabansa. Sannan ka ɗora wannan jimla a kan abin da ke shigo maka. Wanda ya samu rancen ɗalibai na NELFUND naira 20,000 yake karɓa a wata na ɗawainiya, kuma cikinsu ne garin kwaki da kwafin takardu da data suke jira.

Yanzu mu shiga ɗakin. Matsalar ita ce yawanci da rani ake nuna ɗaki, alhali halinsa na gaskiya sai watan Agusta yake fitowa, lokacin da ruwan Zariya ke kwana yana zuba. Tunda ba za ka iya jiran damina ba, koyi karanta sawunta. Ɗaga kai ka dubi silin. Idan ka ga wani zane ruwan ƙasa mai kama da taswirar jihar Kaduna da ƙananan hukumominta, nan ne za ka riƙa ajiye bokiti, don haka ka lissafa ko katifa za ta samu wuri a sauran filin. Sunkuya ka dubi gindin bango, ka shafa. Idan fenti yana ɓarewa yana zuba gari, ruwa yana tasowa daga ƙasa, kuma littattafanka da takalmanka za su yi furfurar gansakuka. Sabon fenti a bango ɗaya tak, sauran ukun suna nan da tsohon, abin tambaya ne. Buɗe taga ka rufe, ka duba ragar sauro, ka girgiza ƙarfen tagar da ƙarfinka, domin ɓarawon kwamfuta ma haka zai yi. Tura ƙofa da kafaɗa ka ga ko sakata tana riƙewa. Idan akwai tsohon gado ko katako da aka ce an bar maka kyauta, haska fitilar waya cikin tsagoginsa. Kuɗin-cizo ba ya tashi don mai ɗaki ya kammala digiri.

Batun ruwa ya fi kowanne, kuma a nan aka fi yi wa sabon shiga daɗin baki. Cikin makaranta akwai madatsar Kubanni da jami'a ke tace ruwanta, amma a gari yawancin gidajen ɗalibai rijiya ce ko burtsatse ko 'yan ga-ruwa. Idan aka nuna maka rijiya, ruwan da ke ciki a watan Nuwamba ba shaida ba ne. Shaidarka igiyar guga. Ɗauko ta ka ƙirga ƙulli. Kowane ƙulli wani ƙari ne da aka yi a watan Maris ko Afrilu, lokacin da ruwa ya gudu ƙasa, kuma igiyar da aka haɗa da tsohon ɗankwali da wayar rediyo ta riga ta ba ka labarin bazarar gidan. Idan burtsatse ce, tambayi abin da ke tayar da ita. Famfo da tanki a sama abin sha'awa ne, amma injin da ke tura ruwan wuta yake ci, ranar da babu wuta kwana uku kuwa tankin ado ne. Wa ke sayen man janareta? Idan injin ya ƙone, wa ke biya? Sannan ka tari mai kura a layin ka tambaye shi kuɗin jarka da damina da kuɗinta da bazara, ka kuma tambaye shi ko yana yawan shiga wannan gida. Idan ya yi murmushi ya ce ai gidan kwastomominsa ne, ka samu amsa.

Wannan dabara ta tambayar na gefe ka riƙe ta da kyau. Mai shagon layi, mai shayi, da ɗalibin da ke shanya kaya a tsakar gida sun fi dillali sanin gidan, kuma ba su da la'ada a ciki. Ka koma kai kaɗai da yamma, ka sayi burodi, ka yi gaisuwa, ka ce, "Yayana, tsakani da Allah, yaya gidan nan?" Idan ya waiga hagu da dama kafin ya amsa, ka gyara tsayuwa, bayani mai tsawo ne.

Wuta kuwa ita ce ke raba abokai. Gida mai ɗaki goma sha biyu da mita ɗaya makaranta ce ta koyon siyasa. Za a yi taro a tsakar gida, a yanka wa kowa kasonsa, a haramta hita da dutsen guga da murhun lantarki, kowa ya rantse. Kwana huɗu kati ya ƙare. Duk gidan babu mai hita, amma cikin sanyin Janairu kowa yana fitowa wanka da bokiti yana tururi, kuma ƙamshin wake yana fitowa daga ɗakin da ba a taɓa ganin an shiga da gas ba. Idan da hali, nemi ɗaki mai ƙaramar mitarsa. Idan babu, ka tambayi yadda ake rabo da wanda ke riƙe kuɗin. Ka kuma nemi ganin takardar wuta ta ƙarshe, domin akwai gidajen da tsohon bashi ke kwance a kansu, sabon ɗan haya ya zo ya tarar ana yanke waya saboda wutar da aka sha tun yana sakandare. Ranar da taransifomar unguwa ta lalace za a zo da littafin karo-karo. Hukumar NERC mai sa ido kan harkar wutar lantarki ta sha faɗa cewa gyaran taransifoma nauyin kamfanin rarraba wuta ne, sai dai mutanen da suka yi mako uku a duhu ba su cika jiran wannan magana ba. Ka ware wani abu saboda ranar.

Ban-ɗaki lissafi ne mai sauƙi: ƙirga ƙofofin ɗakuna, ka ninka da biyu saboda kowane ɗaki yana da baƙon da ya zo kwana uku tun zangon da ya wuce, ka raba da yawan ban-ɗakin. Idan ɗakin mai ban-ɗaki a ciki ne, zuba bokiti guda ka tsaya ka ga inda ruwan ya nufa. Ka tambayi yaushe aka kwashe sokawe, kuma aljihun wa ya yi kuka.

Duk abin da ka gano, a rubuta. A nan ne kunya take cin yaranmu. Mai gida dattijo ne, sa'an mahaifinka, ya ce maka, "Haba ɗana, ai ka shiga kawai, gobe in Allah ya yarda kafinta zai zo," sai ka ji nauyin cewa a sa a takarda. Ka tuna aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, don haka neman rubutu ba rashin tarbiyya ba ne. Ka rusuna ka ce, "Baba, ba don ban yarda ba, a gida ne aka ce in kawo takarda." Dattawa suna girmama wannan uzuri. Mafi kyau a yi gyaran kafin ka biya. Idan ba zai yiwu ba, a rubuta cewa kai za ka gyara a cire daga kuɗin haya, a faɗi adadi, ka ajiye rasit ɗin kwano da ƙusa da ladan mai aiki. Ranar shiga, kafin ka shimfiɗa leda, ɗauki bidiyon ɗakin lungu-lungu tare da kiyateka a ciki yana magana, ka tura wa wani yayanka ya ajiye, don waya tana faɗawa rijiya. Kuɗi kuma ta banki, zuwa asusun da sunansa ya dace da wanda ke kan yarjejeniya. Ana samun ɗaki ɗaya da aka karɓi kuɗinsa a hannun mutum biyu, su haɗu a bakin ƙofa kowa da katifarsa.

Akwai tambaya guda da 'yan shekarun nan suka koya wa ɗalibai, ita ce ta yajin aiki. A 2020 ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta shafe kusan wata tara, ga kullen korona a kai. A 2022 ta tafi daga 14 ga Fabrairu har 14 ga Oktoba, wata takwas cur. Ɗakuna suna kulle, ɓeraye suna karatu a ciki, kwanan haya yana tafiya. Ɗalibai sun dawo suka tarar shekararsu ta kusa cika alhali zango ɗaya ma ba a gama ba. Haya da kalanda take tafiya, karatu kuwa da nasa lissafin. Ka tayar da maganar tun farko: idan makaranta ta rufe fiye da wata biyu, yaya za a yi? Wani mai gidan zai ce babu ruwansa, wani zai yarda da ragi ko ƙarin wata. Ko a'a ya ce, gara ka ji ta yau.

In an bi ta gaskiya, masu gidajen nan ba duka ne azzalumai ba. Da yawa tsofaffin ma'aikata ne da suka zuba kuɗin sallamarsu a bulo, hayar nan ce abincinsu da maganinsu, kuma buhun siminti da ya haura naira 10,000 a farkon 2024 bai tambayi ko ɗalibi ne a ɗakin ba. Mu ma 'yan haya muna da namu. Wanda ya kafa ƙusa ashirin a bango, ya tura ragowar shinkafa a magudana, ya rubuta lissafin kimiyya a bayan ƙofa, ba shi da bakin kuka idan an taɓa koshin ɗinsa. Yoyo ƙarami ka faɗa da wuri, a rubuce, tun kwano ɗaya ne kafin ya zama silin gaba ɗaya. Abokin zama kuma ka zaɓe shi da idon basira: wanda zai biya rabinsa ranar da aka ce, ba wanda zai ce ka cike masa zuwa ƙarshen wata ba.

Maganar karɓo koshin kuwa wata biyu kafin tashi ake fara ta. Ka tunatar da kiyateka, ka sake tunatarwa, ka toshe ramukan ƙusa, ka share ɗaki, ka kira shi ku zagaya tare da bidiyon ranar shiga a hannunka. Makulli yana hannun dama, kuɗi suna shigowa hannun hagu. Wanda ya miƙa makulli ya hau mota a Kwangila bisa alkawarin za a turo masa ta banki, zai gama bautar ƙasa yana duba waya.