Mu da awo

Mu mutanen Buza akwai mu da son awo. Hatsi sai tiya ta yi tozo, rago ranar kasuwa sai an matsa ƙugunsa an duba haƙora. Amma ka ce wa magidanci ya miƙa hannu a auna masa hawan jini, nan take zai tuna akwai aikin da ya baro a gona.

"Kai yaro, lafiyata lau," in ji Baba a fada, yana karɓar kofin shayi na uku, sukari har da ƙari. "Wanda ya tafi neman ciwo ai zai same shi."

Ciwon kansa ba ya ba mu tsoro kamar bakin mutane. A garin nan, in aka gan ka a bencin likita da hantsi, kafin ka iso gida labarinka ya riga ka, har da sunan cutar da malamin asibiti bai kai ga faɗi ba. Balle samarinmu masu dawowa daga bida, Abijan ko Libiya. Wanda ya ɗan rame, ana ta yi masa kallon gefen ido. In ya je awon sida, an ce ya san abin da ya shuka ke nan. In ya ƙi zuwa, shi ne mutumin kirki.

Mata kuwa kunya ce sarauniya. Tun 2006 gwamnati ta ce awon ciki kyauta ne, amma mai cikin fari sai ta yi ta sassauta ɗaurin zane tana musu, wai kada baki ya kama cikin. Uwar miji na gefe: "Ke ɗiyata, mu da muka haifi goma, wa ya taɓa auna mu?" Waɗanda ba su rayu ba cikin goman, ba a kawo zancensu.

Da aka ji Kano ta kafa dokar gwajin jini kafin aure a 2024, fada ta kaure. A tambayi ɗiyar mutane takardar amosanin jini? Ai raina asali ne! Ni dai na ga masu ɗaga muryar nan sun fi kowa zarya da yara marasa lafiya.

Dabararmu ita ce Galmi. In jiki ya matsa, sai mutum ya sulale da asuba, ya bi ta Madawa zuwa asibitin mishan, inda ba a san kakansa ba. Yana zama layi sai ga maƙwabcinsa, takarda a hannu.

"A'a, Malam, lafiya?"

"Lafiya lau, dubiya na zo. Kai fa?"

"Ni ma dubiya."