Kujerar Wanzamin Seligman

Wani Alhaji ne, ɗan kasuwa daga cikin birnin Kano, ya je Amurka bikin kammala karatun ɗan ƙaninsa a Tulsa, jihar Oklahoma. Da taro ya watse sai yaron ya ce, "Baffa, gani ya kori ji. Na ɗauko hayar mota, mu bi tsohuwar hanya ka ga ƙasa."

Hanyar da yake nufi ita ce mai lamba 66. A 1926 aka kafa ta, ta taso daga Shikago ta ratsa jihohi takwas har bakin teku a Kalifoniya, tafiyar kilomita 3,900 da 'yan kai. Ita talakawan Oklahoma suka bi da tarkacensu a shekarun 1930, lokacin da fari da guguwar ƙura suka cinye gonaki. A 1985 gwamnati ta soke ta daga jerin manyan hanyoyi, don an riga an shimfiɗa sababbi masu faɗi da sauri.

Kafin su miƙa yamma suka leƙa Catoosa, inda wani ƙaton kifi na siminti, shuɗi, yake kwance a bakin tafki. Wani mutum, Hugh Davis, ya gina wa matarsa shi kyauta. Alhaji ya yi dariya har da riƙe ciki, ya shiga bakin kifin aka ɗauke shi hoto. Suna komawa mota waya ta yi ƙara, magini ne daga gida.

"Ka tara leburori," in ji Alhaji. "Ranar Asabar a fara sauke zauren. Shago goma nake so, na bulo, duk su fuskanci titi."

Yaron ya san zauren. Kakan Alhaji ne ya gina shi da tubali da azara, can ne masaukin fataken goro masu zuwa daga Gwanja. A kan daɓensa yaron ya koyi tafiya. Ya ƙara riƙe sitiyari, bai ce uffan ba, domin ɗa ba ya tare numfashin baffansa.

A Amarillo ta Teksas suka ga motoci goma ƙirar Cadillac da aka kafe da ka cikin ƙasa tun 1974, baƙi na fesa musu fenti. A Holbrook ta Arizona suka ga masaukin da aka yi ɗakunansa kamar tantuna masu tsini. Ko'ina Alhaji sai ya sauka, ya sayi hula ko faranti, ya girgiza kai ya ce, "Mutanen nan sun san darajar kayansu."

Seligman ƙaramin gari ne, kusan titi ɗaya. Yaron ya tsaya a ƙofar wani shago cike da baƙi masu magana da harsuna iri-iri, ya ja Alhaji zuwa wani ɗaki da ke ciki. Tsohuwar kujerar aski ce a ajiye, da madubi, bango ya rufe da katunan maziyarta.

"Baffa, kujerar wanzamin garin nan ce, Angel Delgadillo. A nan aka haife shi a 1927, hanyar ba ta ko cika shekara ɗaya ba. Ranar 22 ga Satumba 1978 aka buɗe sabon titi a bayan gari. Da safe motoci ba sa bari a tsallaka, kafin dare sai ka kwanta a kan kwalta. Gidajen mai suka rufe, masu abinci suka kwashe tukwanensu, matasa suka tafi."

"Shi fa?"

"Ya zauna. Kusan shekara tara yana buɗe shago da 'yan kawunan da suka rage. Da ya sayar da kujerar nan ya rushe ɗakin a lokacin, babu mai zarginsa, Baffa, mai iyali ne. A 1987 ya tara 'yan garuruwan da aka yi wa irin wannan kewaye, suka kafa ƙungiya, suka dami hukumar jihar har ta amince, a shekarar, cewa hanyar daga nan zuwa Kingman ta tarihi ce. Sauran jihohi suka bi sahu."

Abin da ya fi taɓa ni a labarin wanzamin nan shi ne ba wata fada ya tsare ba. Kujera ce, da ɗaki, da shagon sayar da abinci da wansa Juan ya haɗa da ragowar katako a 1953. Irin abin da magada ke kira tarkace ke nan, su share cikin yini guda, kuma duk kuɗin duniya ba ya dawo da shi. Ana iya gina sabon shago kowace shekara, amma ɗakin da mutane uku suka gada a jere sau ɗaya ake samunsa.

Alhaji ya zauna a kujerar aka ɗauke shi hoto. Wannan karon bai yi dariya ba.

Washegari da safe suka hau duwatsu, hanya na murɗewa, suka gangara Oatman, tsohon garin masu haƙar zinariya. Jakuna ne ke yawo a tsakiyar titi, zuriyar waɗanda mahaƙan suka saki da aikin ya mutu. Ɗaya ya cusa kai ta tagar mota. Alhaji ya shafa goshinsa yadda wanda ya saba yake yi.

"Baffa, jakunan fataken nan a ina ake ɗaure su a gidanmu?"

"A bayan gida, gindin tsamiya. Kaya kuwa a zaure ake sauke su. Akwai wata alkuki a bangon dama inda Kaka yake ajiye fitila, har yau baƙin hayaƙin yana nan. Huhun goro in an kwance shi, ƙamshin ganyen…" Sai ya tsaya, ya juyo ya dubi yaron sosai.

"Kai ɗan nan, tun Seligman nake jin ka. Ka san marayun marigayi baffanka ne za su ci hayar shagunan nan?"

"Na sani, Baffa."

"Zauren kuma duk damina sai an yi masa yaɓe. Wa zai riƙa biya?"

"In na fara aiki, yaɓen nawa ne."

Alhaji ya ciro waya ya kira magini. "Ka sallami leburorin, kada a taɓa azara ko ɗaya. Ka zagaya bayan gida wajen tsamiya, ta gefen lungu, ka auna mini. Shago nawa zai ɗauka?"

Magini ya yi lissafi ya ce huɗu, in an matse.

"Huɗu? Ina huɗu ina goma! Sake aunawa, ka haɗa da tsohon ɗakin hatsi. Gobe zan kira ka, kuma ka nemo mini wanda ya iya makuba."