Van Halen a Barnawa

Ɗan yayata makaɗin jita ne a wani coci a Sabon Tasha, yaro mai natsuwa, har ranar da ya ji faifan farko na ƙungiyar Van Halen, wanda ya fito a 1978. Ya rantse sai jitarsa ta yi irin wannan gurnanin. Ni na ba shi makullin ɗakin bayan gidana a Barnawa, ni kuma na tsaya masa aka ara masa amfilifaya.

Kayan yaƙinsa jitar gwanjo ce, da wani ɗan akwatin takawa mai ruwan lemo da ya tsinto a Kakuri. Daga nesa kamar Boss DS-1, an tsaga kara. Daga kusa, harafi ɗaya ya ɓace a sunan. Ya murɗe kowane maɓalli har ƙurya, ya daki tsirkiya. Minti biyar ba a yi ba sai ga sallama: yarinyar maƙwabta da robar tattasai da tumatir, wai mamanta ta ce nawa ake markaɗe.

Bai karaya ba, ya koma bincike. Ashe Marshall Super Lead mai wat 100, irin wadda Eddie Van Halen ya yi amfani da ita, ba ta da maɓallin gurnani ko ɗaya. Kwalaben lantarki ne a cikinta irin na tsohuwar rediyo, kuma sai an ƙure mata murya sun jigata sannan sautin ya dushe ya yi kauri. Angus Young na AC/DC ma kusan kai tsaye yake jona Gibson SG ɗinsa da Marshall. Yaro ya sauke gurnanin akwatinsa zuwa 4, ya ɗaga muryar tsakiya zuwa 7, ya rage ta sama. Gaskiya abin ya fara daɗin ji, har na gyaɗa kai. Da ma nan ya tsaya.

"Kawu, na gano sirrin!" in ji shi wata Laraba. Eddie yakan rage wa amfilifayarsa ƙarfin wuta da wata na'ura, Variac, zuwa wajen bolt 90 maimakon 120 ɗin da gidajen Amurka ke sha. Mu kuwa a unguwarmu, bayan magariba, wutar kan rage kanta kyauta, har ƙwan fitila ya koma kamar garwashi. Sai ya zare sitabilaiza ya zauna jiran falala. Abin da ya manta, amfilifayar aron ba ta da kwalba, taransista ce zalla. Ta yi gunji, ta yi tari, ta yi shiru na ɗan lokaci.

Nan ya tuno Dave Davies na ƙungiyar Kinks, wanda ya tsarge takardar lasifikarsa da reza kafin su naɗi "You Really Got Me" a 1964. Abin da ya dame ni a wannan tarihin, lasifikar ta Davies ce, halalinsa.

Ran Asabar mai kaya ya iso. Ya leƙa lasifika, ya dubi yaron, sannan ya juyo wurin wanda ya tsaya masa. Ina cikin lissafin kuɗin gyara a tsakar gida sai yarinyar nan ta sake leƙowa da robarta, wai mamanta ta ce a yi mana jaje, ta ji injin ya lalace.