Injiniyan Kademi

Tun ranar da na buɗe wa Kawu Facebook ɗinsa da ya kulle, 'yan Kademi suka laƙaba mini Injiniya, ni kuma ban ga dalilin yin musu da dattawa ba. Don haka da ƙungiyarmu ta 'yan gari ta ce tana son shafin intanet, a zuba tarihin gari da sunayen waɗanda suka ba da gudummawar gyaran famfo, ban bari an ƙarasa maganar ba na miƙe. Na ce mu mutanen ƙasar Gaya, da ake cewa maƙeranmu Abagayawa ne suka je Dala neman tama tun Kano ba ta zama Kano ba, bai kamata a rubuta sunanmu da haruffan da ake tallan sabulu da su ba. Aka yi tafi. Na zauna ina gyara zaman hula.

Na koma Kano na shiga farautar font, wato zubin haruffan da shafi zai sanya. Na samo wani mai jela da kwalliya, irin na katin ɗaurin auren 'ya'yan manya. Ashe wanda ya zana shi bai taɓa jin labarin ƙ da ɗ da ɓ ba. Ita kuwa burauza, in ta nemi harafi ta rasa, sai ta aro shi daga wani font ɗin. Sai ga kowace ƙ ta fito gajera mai kauri a tsakiyar dogayen haruffa, kamar baƙon da ya kutso cikin hoton dangi. Na ce wa kaina ai salo ne. Matata ta leƙo ta tambaya ko kwamfutar ce ta yi ƙuraje.

Ana haka sakatare ya aiko mini da tsofaffin takardun ƙungiya, duk an buga su da Rabi'at. Wanda ya yi aikin buga Hausa a kwamfuta ya san shi. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ne ya samar da shi a shekarun 1990, lokacin da samun harafi mai ƙugiya a kwamfuta sai an sha wuya, kuma ya share wa marubuta hawaye. Dabararsa ita ce, an ɗora haruffanmu a gurbin alamomin da ba a cika amfani da su ba: ka danna } ka ga ƙ, ka danna ] ka ga ɗ. A cikin kwamfutar alamar tana nan yadda take, riga kawai font ya sa mata. Wannan bayanin a lokacin ban tsaya jinsa ba. Na liƙa font ɗin a shafi, na kwafe takardun na zuba, na duba a kwamfutata, komai tsaf. Har hoto na ɗauka kusa da allon, hannu a haɓa.

Washegarin Sallah na bi ta Wudil na nufi gida cikin shadda mai sitaci, saboda ƙaddamarwa. Aka shimfiɗa tabarmi, manya a kujeru. Na yi jawabi, na kawo Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a Zariya a 1939, na nuna cewa daga ita sai wannan aikin. Sannan na ce kowa ya fito da wayarsa. To, ka san mutanenmu da tsimin data. Rabin taron ƙaramar burauzar nan suke amfani da ita, wadda ke matse shafi kafin ta kawo shi, ba ta kuma sauke font ɗin da mai shafi ya liƙa. Sauran kuwa netiwok ya gaji kafin font ya iso. Kawu ya nisanta wayar daga idonsa, ya matso da ita, ya ce, "Injiniya, wannan ƙugiyar mahauta da ka rataye a gaban ungiya, ta mece ce?" A allonsa an rubuta }ungiya. Wani Alhaji da ya ba da kuɗi mafi tsoka ya ga sunan mahaifinsa ya fara da baka, ya tambaya ko an sa shi a baka ne don ana shakkar kuɗin.

Na ce, "Ranku ya daɗe, ƙaramin abu ne, yanzu za ku gani." Na buɗe kwamfuta a cinya, zufa na bin sitaci, na umarce ta ta nemo duk wata } ta mayar da ita ƙ. Ta tambaye ni, a duk fayilolin? Na ce mata ƙwarai, da ƙarfi, don na kusa su ji. Su kuwa waɗannan bakan, da su ake buɗewa da rufe kowace doka a fayil ɗin da ke tsara shafi: launi, faɗi, girman hoto. Na aika gyaran, na ce a sake dubawa. Launi ya tafi. Jerin sunaye ya zube a gefe. Hoton shugaban ƙungiya, wanda na rage shi daidai tafin hannu, ya koma ainihin girmansa, babu abin da ke kan allon kowa sai hancinsa da rabin tabarau. Shugaba ya daɗe yana kallo, sannan ya ce a yi addu'a a tashi.

Ɗan yayana mai shagon cajin waya ne ya karɓi kwamfutar da daddare. Ya dawo da tsohon fayil, ya gyara rubutun kaɗai da haruffan Unicode, inda ƙ ke da lambarta ta kanta, ya sa Noto na Google, ya kuma tsara cewa in bai sauka ba wayar ta yi amfani da nata. Ya nuna mini a allon wayarsa cewa in ka zaɓi Hausa ka danne k, ƙ za ta fito.

"Baffa, font ɗin nan mai jela fa, a goge?"

Na ce ya bar mini shi a sunana kawai, can ƙasan shafi. Ya duba ya ce, "Baffa, ai sunanka ma akwai ɗ a ciki."