Yadda Za Ka Aika Saƙo Ya Ɓata a Hanya

A 1948 wani masanin lissafi ɗan Amurka, Claude Shannon, da ke aiki a ɗakin binciken kamfanin tarho na Bell, ya zana yadda saƙo ke tafiya. Akwai mai aikawa, akwai abin da ke shirya saƙon yadda zai iya tafiya, akwai hanyar da zai bi, akwai mai karɓa. Sai ya ƙara wani abu daga gefe, wato hayaniya: duk abin da ke shiga tsakani ya gurɓata saƙo. Shi damuwarsa yadda saƙo zai isa lafiya duk da hayaniyar. Mu kuwa akasin haka za mu koya, don akwai ranar da mutum ke so a shaida ya faɗa, amma kada a ji.

Daga kanka za ka fara. Kada ka kuskura ka san abin da kake son faɗa kafin ka buɗe baki. Kira mutumin lokacin da katinka ya kusa ƙarewa, ka shimfiɗa gaisuwa. Ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, yaya mai jiki, an yi ruwa a wajenku? Gaisuwa dai ba ɓata lokaci ba ce, da ita ake gane ko mutum yana cikin halin sauraro. Sai dai kai ba ganewa ta kawo ka ba. Da ka ce “dama abin da ya sa na kira”, layin zai yanke da kansa.

In ba ka son waya, ga hanyar da ta fi kowace daɗewa: aiken yaro. Nan ake gane gwani. Zaɓi ƙaramin cikin yaran, wanda bai gama famfara ba, kuma ka kira shi daidai lokacin da abokansa suka dasa ƙwallo a ƙofar gida. Ka ɗora masa saƙo mai rassa: “Ka ce wa Inna in ta gama da tukunyar ta aiko, in ba ta gama ba ta bari sai gobe, amma in Ladi ta zo kada ta ba ta, sai dai in babbar ce.” Ka haɗa masa da kuɗin manja, ka ce ya biya ya sayo.

Babban sharaɗin shi ne kada ka sa ya maimaita. Maimaici maganin hayaniya ne. Shannon ya ƙiyasta cewa kusan rabin rubutun Turanci ƙari ne da ake iya cikewa ko an goge, shi ya sa ake karanta wasiƙar da ruwa ya taɓa. Iyayenmu mata ba su karanta Shannon ba, amma ba sa sakin yaro sai sun tsare shi da “me na ce ka ce?” Wannan tambayar ita ce abokiyar gabarka. Ka guje ta, za ka ga yaro ya dawo da Ladi, babu tukunya, babu manja.

’Yan zamani kuma WhatsApp ya share musu hawaye tun 2013 da ya kawo saƙon murya. Tsaya kusa da janareta, ko ka hau bayan acaɓa, ka ɗauki minti bakwai. Ainihin maganar ka ajiye ta a minti na shida, bayan labarin tsadar masara.

To a ce duk da haka saƙon ya isa kunne. Kada ka karaya, jin magana daban, fahimtarta daban. Wilbur Schramm ya nuna a 1954 cewa mutum biyu ba sa fahimtar juna sai a kan abin da suka yi tarayya wajen saninsa. Saboda haka yi wa Kaka bayanin maganinta da Turancin asibiti. In alkawari ne, kada ka ce ƙarfe huɗu, kada ma ka ce bayan la’asar, don wannan yana da iyaka. Ce “anjima”.

Saura martani, wanda babu shi a zanen Shannon, sai waɗanda suka biyo bayansa suka ƙara. Da shi mai magana ke gane ko an ji shi, don haka toshe shi. Kashe shuɗin makin nan biyu na WhatsApp da ke tona asirin wanda ya karanta. In kai ne mai bayani, kada ka kalli fuskar kowa. In surukinka ya sunkuyar da kai ya ce “to, madalla”, rubuta a ranka cewa ya amince, ka tashi da sauri kafin ya gyara murya. Ranar da magana ta taso kana da hujja: “Ai na aiko yaro.”

Akwai dai saƙon da dabarun nan ba sa ci. In ka ja mutum gefe ka rage murya ka ce “tsakanina da kai”, ko janareta goma ke aiki, kafin magariba maganar ta kai wajen mai shayi, kuma da sunanka a kai.